Rabon Lirwanu

Tilanga, ƙasar Chadi
12 ga Disamba, 2020

Zuwa ga taubashiyata Hure, a Tungar Bature ta wajen Zugu.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya jikin Inna Yalwa, ƙafar ta yi sauƙi? Ina Yaya Almustapha da iyalinsa, ina yaranki? Ni lafiya lau, in ban da zazzaɓi da ya kayar da ni sati guda a watan jiya, har sai da na ƙara wa bel ɗina huda biyu.

Na san za ki ce sai da buƙata ta taso na tuna da ku. Ba haka ba ne. Waya a nan sai an hau dutse, tafiyar awa guda a keke, in na hau kuma taku ba ta shiga. Shi ya sa na koma takarda. Saminu direba, mai kai albasa Maiduguri daga Gummi, shi zai riƙa ɗaukar mana.

Kin taɓa tambayata wai mene ne aikin mai bishara ban da surutu ranar Lahadi. To ga shi. Da sassafe in buga ƙarfen tayar mota da muka rataye a bishiya, shi ne ƙararrawarmu. Mutum biyar su zo addu'a, in an yi sa'a. Daga nan sai famfon gari, wanda ya lalace sau tara bana, kuma an yanke shawara ba da sanina ba cewa ni ne likitansa. In dawo in tarar da mai ciwon ido, da masu rigimar iyakar gona, da wanda akuyarsa ta ƙi haihuwa. Larabcinsu na nan har yau bai zauna a bakina ba, yara na bina suna maimaita abin da na faɗa suna faɗuwa da dariya. Manyanmu na ofishin mishan kuma duk wata uku sai sun aiko takarda: mutum nawa suka karɓi baftisma? In rubuta babu. Su sake aikowa, in sake rubuta babu.

Amma abin da ya fi damuna tsuntsu ne. Jan-baki, Hure, irin wanda ba ki taɓa gani ba. Da dawa ta fara ɗaukar ido sai su sauko, sama ta yi duhu. Wata biyu cur kowa na gona da gwangwani da majaujawa, majami'a ba kowa sai tsofaffi biyu, ɗaya ma ba ta ji. Limamin garin ya ce shi ma sahu ɗaya bai cika masa ba. Duk da wannan wahala rabin amfanin ya tafi. Yanzu gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya, ni ma na bi su, don ba zan iya ci sau uku a gaban maƙwabta ba.

Sai na tuna da Sunkuyau, dawar gidanku, wadda kanta ke lanƙwasowa ƙasa tsuntsu ya rasa wurin tsayawa. Na tuna daminar da aka kai ni hutu wurinku, maƙwabta na ta kaɗa gwangwani, mu muna kwance a gindin kanya. Kakana Lirwanu da kakarki Sahura nono ɗaya suka sha, don haka ko da nake Kirista kuke Musulmi, ina da bakin roƙo a gidan nan. Ki taimaka ki aiko mini da mudu guda. Shukawa zan yi, in gwada ko za ta karɓi ƙasar nan.

Ɗan'uwanki,
Irmiya

Tungar Bature
Watan Azumin Tsofaffi

Irmiya, tuzurun Chadi.

Bayan gaisuwa, muna lahiya, alhamdu lillahi. Ƙafar Inna sai a hankali, in ta zauna sai an ɗaga ta. Takardarka ta iso bayan ta yi wata biyu tana yawo cikin motar albasa, har yanzu in na buɗe ta sai idona ya yi ruwa.

Na karanta ma Inna sau biyu. Da na zo wurin hudar bel sai ta ce in sake. Na sake. Ta aje carbi ta ce, “Hure, yaron ga yunwa ce ta kama shi.”

Mu za ka yi ma wayo? Mun san mazan gidan ga tun kakanni. Namiji bai buɗe baki shi ce ina jin yunwa, sai dai shi yi ta kewaye-kewaye. Ka rubuta zazzaɓi, ka rubuta bel, ka rubuta tukunya sau ɗaya, sannan ka je ka laɓe bayan tsuntsu. Wa ya taɓa jin an ɗauki dawa daga Zugu zuwa Chadi don a shuka? Can ba su da ƙasa ne, ko ba su da dawa?

Mun rufa maka asiri, ko Yaya Almustapha ba mu gaya ma ba. Mudu ɗaya ka ce, biyar munka ɗiba. Kuma da yake ba ka da mai daka maka, shekara arba'in da ɗoriya kana zaune ba mata, abin kunya ne a aika maka tsaba kamar kaza. Ni da kaina na surfa, na wanke, na shanya, na hau babur na kai inji Zugu. Bayana har yau bai miƙe ba. Ga kuka, ga daddawa, ga yaji Inna ta daka a zaune. Ruwa kawai za ka tafasa, in wannan ma bai fi ƙarfinka ba.

Labarin daji sai addu'a. Satin da ya wuce ɓarayin daji sun tare masu babur a hanyar Bukkuyum. Mu dai ba su iso gare mu ba tukuna, Allah shi kiyaye.

In aikin ga bai iya ciyar da kai, ka dawo gida. Ba mu ce ka bar addininka ba, wannan tsakaninka da Mahaliccinka. Amma gona na nan, fartanya na nan, kuma zawarawa sun yi yawa a Tunga.

Taubashiyarka,
Hure

Tilanga
28 ga Maris, 2021

Hure,

Ina gaishe da Inna, ina gaishe da kowa. Ina lafiya. Na gama gaisuwa.

Gari, Hure! Gari kika aiko mini!

Kin san abin da kika ja mini? Tun da na aika takarda nake ba mutane labarin dawar nan. Liman ya ba ni aron fili a bayan gidansa. Ranar da buhu ya iso na tara shi da dattawa uku su zo su gani da idonsu. Na kwance, na zura hannu ina murmushi, hannu ya fito dumu-dumu da gari. Liman ya dubi hannun, ya dube ni, ya ce, “Fasto, a ƙasarku haka ake shukawa?” Har yau in na wuce majalisa sai wani ya tambaye ni ko tuwon ya tsiro.

Na rubuta miki da hannuna cewa shukawa zan yi. Me ya rage in yi, in zana miki hoton fartanya? Ni in ina jin yunwa zan ce ina jin yunwa. Magana ce sana'ata, a gaban jama'a nake tsayawa duk Lahadi in faɗi abin da ba a so a ji, ba zan zo kan cikina in fara kunya ba.

To, don kada in yi ƙarya, na ci. Loma ta farko da na kai baki sai da na yi hawaye, don ƙamshin ɗakin girkin Inna na ji. Sauran na sa matan ikilisiya suka tuƙa bayan sujada. Ranar mutum talatin da ɗaya suka zo, ban taɓa ganin haka ba, har da waɗanda ba su san ta ina ake shiga ba. Ban sa wannan a takardar manyanmu ba, don na san abin da ya kawo su. Ki gaya wa Inna na gode, ke ma na gode wa bayanki.

Amma ki saurare ni da kyau, ba wasan taubasai nake yi ba yanzu. A watan nan na binne yara biyu, liman ya binne huɗu. Ba tsuntsu ne ya kashe su ba, amma shi ya fara. Ruwa zai sauka a Yuni. In na rasa wannan damina sai baɗi, kuma ban san nawa za mu binne kafin baɗi ba.

Zangarniya nake so, da kanta, yadda aka yanko ta. Kada ki sussuke, kada ki surfa, kada ki wanke, kada ma ki hura mata iska.

Irmiya

Tungar Bature
Kwana huɗu bayan Ƙaramar Salla

Irmiya,

Mun sha ruwa lahiya, mun yi Salla lahiya, sai dai ba a yi nisa da gida ba. Inna na amsawa.

Kai dai ba ka da godiyar Allah. Na karya bayana, ka aiko mini da faɗa shafi biyu, godiya layi ɗaya. Da ba don zancen yaran nan da kunka binne ba, da na ƙulla yaji da takardar.

To tun da zancen iri ne, ba ni da ikon taɓa shi, sai na kai ma Yaya Almustapha. Nan fa anka yi ta. Ka sani, ko ka manta, irin Sunkuyau ba a sayarwa, ba a kyauta da shi. Ɗan gida ko ɗiyar gida, ranar aurensa ake ɗaura masa zangarniya ukku da jan zare, shi ke nan rabonsa, daga nan shi ci gaba da kansa. Yaya ya ce, “Ɗaya, bai yi aure ba. Biyu, gidan Lirwanu sun fita daga cikinmu tun ba a haife mu ba. Ukku, wa ya sani ko da dawar kakanninmu za shi riƙa jan mutane coci? Ba ga shi da bakinsa ya ce tuwo ya tara masa talatin ba?”

Ka ga abin da surutunka ya ja maka. Na ce masa a filin liman za a shuka. Ya ce zancen takarda ne, shi bai ga liman ba. Na ce jini ɗaya ne, ya ce in tashi in ba shi wuri. Kwana ukku ko gaisuwa ba mu yi ba.

Ran na huɗu da hantsi Inna ta ce a kira shi, ta ce in kama ta in kai ta ɗakin girki. Ta sa na jawo turmi na kife na hau. Ta ce in wuce inda muke rataye irin bana, in kai hannu can ƙurya. Kunkunniya ta cika mini ido, ina tari ina tsaki. Sai na taɓo wani ƙunshi cikin tsumma. Zangarniya ukku ce, ɗaure da jan zare.

Inna ta ce, “Wannan rabon Lirwanu ne.”

Ashe lokacin da kuturta ta kama kakanka shina saurayi, anka ɗora shi a jaki anka kai shi asibitin mishan, ya warke ya zauna can ya bi addininsu ya yi aure ba wanda ya je, Kaka Sahura ta ɗaure nashi ta ɓoye. Duk shekara bayan girbi sai ta sauke tsofaffin ta sa sababbi don kada su mutu, tana jiran ranar da za shi zo shi tambaya. Bai zo ba. Da za ta rasu ta bar ma Inna. Shekara talatin da bakwai Inna na wannan aiki, mu muna gidan ba mu sani ba. Bara ma da ƙafar ta hana ta, da sandar tuƙi ta saƙala su.

Ta dubi Yaya ta ce, “Ba kyauta zan yi ba, ajiya ce zan mayar. Kai za ka hana?”

Ya kaɗe riga ya fita. Har yau shina fushi, ni ma ina fushi, kowa na fushi sai Inna.

Ga su nan cikin tsummansu. Ban hura musu iska ba. In ka bari akuya ta ci, kada ka sake rubuto mini.

Hure

Tilanga
20 ga Nuwamba, 2021

Taubashiyata Hure,

Ina fata kuna lafiya, ke da Inna da Yaya da yara. Ni lafiya, bel ya koma hudarsa ta da.

Ranar da ƙunshin ya iso ban iya buga ƙarfe ba, na zauna da shi a cinya har rana ta ɗaga. Kakana ya mutu yana cewa gida sun manta da shi. Da bakinsa ya gaya mini, ina yaro. Ina ma a ce ya ga jan zaren nan. Na yi baƙin ciki, na yi murna, duk a zama ɗaya.

Ta yi, Hure! Na shuka a filin liman da ruwan farko. Na kewaye da ƙaya, na yi rigima da masu awaki har sau shida, wata mata ta kai ƙarata wurin mai gari wai fasto ya jefi tunkiyarta. Na jefe ta, kuma na nemi gafara ranar Lahadi. Da dawar ta fid da kai ta fara sunkuyawa, dattawa suka ce ciwo ne ya kama ta, in sare in huta. Sai jan-baki suka zo. Su sauka, su zame, su tashi, su koma gonar maƙwabci. Mutane suka bar nasu gwangwanin suka zo kallo. Wasu sun ce wani abu na binne a filin. Liman ya ce musu shi ma yana wurin aka shuka, ba abin da aka binne sai dawa.

Dami goma sha ɗaya na ɗaure. Ko ƙwara ba a ci ba. Rabi na rataye a rufin majami'a, rabi a zauren liman, gida arba'in za su samu iri in ruwa ya sauka. Ki gaya wa Yaya ya kwantar da hankalinsa, takardar manyanmu ta sake zuwa, na sake rubuta babu.

Na ji a rediyo an rufe layukan waya a wajenku, an hana wasu kasuwanni ci. Ki rubuto ko layi biyu ne. Ya kakarku ta bana?

Irmiya

Tilanga
9 ga Fabrairu, 2022

Hure,

Ina gaisuwa. Wata tara ke nan ban ga rubutunki ba. Saminu ya aiko cewa ya daina bin hanyar Zugu, a wani shago a Gummi ya bar waccan takardar. Sau huɗu na hau dutse, wayar Yaya a kashe. In fushin gari ne kike yi har yanzu, na ba ki haƙuri, ki niƙa duk abin da kike so. In Yaya ne ya hana ki, ki ce mini. In wani abu ne daban, kada ki bar ni ina zargin kaina da tunani, ina wa'azi ina manta inda na tsaya. Wannan wane irin hali ne, mutum ya yi shiru kamar an aiki bawa garinsu?

Irmiya

Gummi
Goma ga Azumi

Irmiya,

Muna lahiya. Takardunka biyu sun iso tare. Kai komi sai ka yi masa kururuwa. Mutum ba shi da wani aiki ne sai rubuta maka takarda?

Mun ɗan zo Gummi ne, gidan Zinatu ɗiyar Yaya, don ƙafar Inna ta fi kusa da asibiti a nan. Duk mun zo, har da Yaya da iyalinsa, a ɗaki biyu muke, ana ta zumunci. Tunga ba wani labari, kada ka dame ni da tambaya.

Inna ta yi murna da zancen dami goma sha ɗaya, ta sa na karanta mata wurin tsuntsun da ke zamewa har sau ukku. Ta ce ai ta sani. Ta ce kuma ka ji tsoron Allah ka daina jifar dabbobin mutane.

Wani ɗan abu ne ma, ba dole ba. Ka san dawar kasuwa ba ta da daɗi, tuwon sai ka ce ƙasa, Inna ba ta iya cin na sahur. Shi ne take cewa ko Sunkuyau ta Chadi ta riƙe ɗanɗanonta ko ta canza. In da hali ka aiko da ɗan kaɗan ta ɗanɗana. Gari fa, niƙaƙƙe, ko rabin mudu ne. Kada ka taɓa na mutanen da ka yi ma alkawari. In ba hali ka bari, ba wani abu ba ne.

Yaya Almustapha shina gaishe ka.

Hure

Tilanga
6 ga Mayu, 2022

Hure,

Barkanku da Salla. Na gode wa Allah da kuke raye, na faɗa a gaban ikilisiya muka yi waƙar godiya, kurmar tsohuwar nan ma ta yi, ko da yake wata waƙa daban take yi.

Bara kin koya mini yadda ake karanta takardar gidanmu. A lokacin na ce kin yi kuskure, kuma kin yi. Amma na riƙe karatun. Na zauna da taki na karanta sau biyu yadda Inna ke yi.

Kin rubuta Gummi. Kin rubuta ɗaki biyu, har da Yaya, wanda ko bikin 'yarsa bai kwana a Gummi ba don kada ya bar rumbu. Kin rubuta dawar kasuwa. Tun yaushe gidan Bature ke awon dawa a kasuwa? Ba ki amsa mini zancen girbi ba. Sannan Yaya yana gaishe ni, shi da bai taɓa ba. Wanda ke da Sunkuyau a rumbunsa ba zai aika Chadi neman ɗanɗano ba, Hure. Ya kike so in yi da ke? Ni na faɗi gaskiya kin ce ƙarya ce, ke kin ɓoye kina so in yarda.

Ban taɓa na kowa a ɓoye ba. Na tara masu gida arba'in ɗin a zauren liman na gaya musu abin da nake zato. Ban gama ba wani dattijo ya ce, “Mutanen da suka ba mu ne? Me kake jira?” Kowa ya rage nasa. Liman da kansa ya ɗinke bakin buhun.

Zangarniya ce, sittin. Ban sussuke ba, ban surfa ba. A ƙasan buhun akwai ƙulli, garin Inna ne. Ni na daka da hannuna, matan garin nan suka kewaye ni suna guɗa.

Ki gaya wa Yaya ba sai ya ce komai ba.

Irmiya

Gummi
Sati guda bayan Babbar Salla

Irmiya,

Muna lahiya, mun yi layya da ɗan abin da ya samu. Inna na gaishe ka.

Gari na ce. Da hannuna na rubuta gari. Kai tun kana yaro ba a taɓa sa ka abu ka yi yadda anka ce ba. Kuma wannan ƙullin da kake alfahari da shi, tsaki ne, ba gari ba, sai da na sake tankaɗe shi sau biyu. Inna ta cinye tuwon tas, ta ce ɗanɗanon na nan.

To tun da ka iya karatu, bari in gaya maka. Da la'asar ɓarayin daji sunka zo, ana tsakiyar kaka, dami na zube a gona. Mun tsira da rayukanmu da kayan jikinmu, Inna a bayan babur an ɗaure ta da zane. Rumbu biyar sunka ƙone, da ɗakin girki, da irin da ke rataye a ciki. Yaya ya yi wata biyu shina yawo, Bukkuyum, Anka, duk inda anka taɓa kai ɗiyar gidanmu da jan zare. Wasu nasu ya ƙone, wasu yunwa ta sa sun daka sun ci. Ko zangarniya ɗaya bai samu ba. Ya dawo ya rame, bai magana da kowa. Na ce a rubuta maka, ya ce da wane baki? Ya hana ni in roƙe ka iri. Bai hana ni roƙon gari ba.

Ranar da Saminu ya sauke buhun, Yaya ne ya farke ɗinkin. Ya ga kawunan nan a sunkuye, ya zauna a ƙasa da sabuwar riga. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, ko a rasuwar Baba. Ni kuwa sai na kama yi wa yara faɗa, don in na tsaya ni ma zan fara.

Mun samu aron gona a bayan gari, wajen gulbi. Shi ya yi saran, ni na bi da iri. Ta tsiro, ta kai gwiwa, an yi noman fari. Kullum da safe shina can, sai an aika a kira shi cin abinci.

Amma kafin a sussuke ko ɗaya, ya zaɓi ukku mafi girma, ya ce in samo jan zare. Na ce na mi? Ya ce waɗancan na bara rabon Lirwanu ne, an biya. Waɗannan na Irmiya ne, nashi na kansa, na ranar aurensa. Ya hau turmin Zinatu ya rataye su a rufin ɗakin da muke kwana. Inna ta ce ita ta yi nata, daga bana ni zan riƙa sauke su ina sa sababbi.

Ka ji abin da ka ja mini. Don Allah ka nemi mata, ko ta Chadi ce, ka zo ka karɓi kayanka. Ni ba zan yi shekara talatin da bakwai ina hawan turmi ba.

Taubashiyarka,
Hure